Kafin a Haƙa Rami, a Tambayi Ƙasa: Sharhi Kan Tattalin Ruwan Sama a Tasawa da Mayahi

Sharhinmu na yau zai fara da ɗan lissafi, sai a yi haƙuri. Idan aka ce an yi ruwa milimita ɗaya, ana nufin lita ɗaya ta zuba a kan kowane murabba'in mita na ƙasa. A gundumomin Tasawa da Mayahi damina takan ba da tsakanin milimita 350 zuwa 500, gwargwadon shekara da kuma kusancin gari da arewa. Mu ɗauki 400. Gona mai faɗin hekta ɗaya ta sha lita miliyan 4 ke nan, wato cikin tano 20,000 irin mai lita 200. Saukar wannan ruwa ikon Allah ne, babu mai hannu a ciki. Amma duk yana zubowa ne tsakanin Yuni da Satumba, sau da yawa a cikin ƴan manyan ruwaye kaɗan, kuma abin da ke faruwa da shi bayan ya taɓa ƙasa, ko ya gudu, ko ya nutse ya wuce saiwa, ko rana ta ɗauke shi, ko ya tsaya inda hatsi zai sha, wannan akwai hannun ɗan Adam a ciki. Manomin Maijirgi ko na Kanembakashe da ya ƙudura zai riƙe rabonsa na wannan ruwa, wa zai tambaya, kuma wane bayani zai yarda da shi?

Sanin wannan aiki bai yi ƙaranci a Nijar ba. Tun taron yaƙi da hamada da aka yi a Maraɗi a 1984, zamanin Seyni Kountché, ƙasar nan take gwada dabarun tare ruwa da farfaɗo da ƙasa, har ta kai ana zuwa daga wasu ƙasashe don a gani. Matsalar guda biyu ce. Mafi yawan sanin yana kwance cikin takardun Faransanci a ofisoshin Yamai da Maraɗi, ɗan abin da ya iso ƙauye kuma yakan iso a ƙunshe ɗaya, kamar duk ƙasar Nijar iri ɗaya ce. Ra'ayina shi ne mai neman bayani ya bi tsari: ya fara sanin irin ƙasar gonarsa, sannan ya nemi manomin da ya riga ya yi aikin a irin wannan ƙasa ya je ya gani da idonsa, sannan malamin gona, takarda da waya su zo a ƙarshe. Hukumomi da ƙungiyoyi su ma kuɗinsu ya kamata ya bi wannan tsari, alhali yanzu ana yawan farawa daga wutsiya.

Hujjar farko tana Ilela, cikin jihar Tawa. A 1989 wani shiri da asusun FIDA ya tallafa ya kwashi wasu manoma na yankin ya kai su Yatenga a Burkina Faso, ƙasar Yacouba Sawadogo, manomin da ya gyara tsohuwar dabarar ramukan shuka, ya ƙara musu faɗi da zurfi, yana zuba taki a ciki tun rani. Manoman Ilela suka ga dawa ta yi kai a ƙasar da ko ciyawa ba ta fitowa. Da suka koma gida wasu suka gwada a ƴan ƙananan wurare. Damina ta 1990 ta yi gardama, aka wayi gari inda aka yi ramukan ne kaɗai ake da abin girbi, maƙwabta kuwa suna kallo. Cikin ƴan shekaru tassa, wato waɗannan ramuka, ta rufe dubban hekta a Ilela da Badagishiri, har mutane suka shiga sayen fako da a da ko kyauta ba a karɓa, samari suka mai da haƙar ramuka sana'a. Babu takardar da ta yi wannan aiki. Kuɗin mota ne, da kwanakin da manoma suka yi a gonar ɗan'uwansu manomi. Gani ya kori ji.

To amma a nan ne ake yin kuskuren da ya sa na ce a fara da ƙasa. Nasarar Ilela ta sa duk wanda ya zo da shirin tattalin ruwa tassa da rabin wata, wato rami mai siffar rabin wata, su ne a bakinsa, ko ina ya sauka. Mu duba yadda tassa ke aiki. Fako ƙasa ce da fuskarta ta daskare, ruwa ba ya shiga, sai ya gangara. In ka haƙa rami mai faɗin taƙi guda ko fiye kaɗan, zurfin santimita 15 zuwa 20, ka tara ƙasar da ka fitar ta gefen gangare, ruwan da ke gudu a kan fakon da ke tsakanin ramuka zai taru ciki. Takin da ka zuba zai jawo gara, gara ta huda ƙasa, ruwa ya sami hanyar nutsewa. Wato tassa tana cin moriyar gudun ruwa ne. Ƙasar Adar, inda Ilela take, ta duwatsu da fako ce, shi ya sa abin ya karɓe ta. Mafi yawan gonakin Tasawa da Mayahi kuwa jigawa ce, rairayi mai shanye ruwa nan take. A jigawa ruwa ba ya gudu sosai balle a tare shi, ramin da ka haƙa a watan Maris kuma iskar bazara za ta cike shi da yashi kafin ruwan shuka. Hekta ɗaya tana cin ramuka wajen 10,000, aikin makonni ga mutum ɗaya cikin zafin rani. Wanda aka sa ya yi wannan wahala a jigawa bai ga bambanci ba, ba zai sake sauraron malamin gona ba, kuma da gaskiyarsa. Haka zancen jerin duwatsu da ke cikin kusan kowane littafin koyarwa: a yawancin ƙasar Mayahi ina dutsen yake? Sai an ɗauko shi da mota daga nesa.

Ciwon jigawa daban ne. Ruwa yana shiga amma ba ya zama, don ƙasar ba ta da abin da zai riƙe shi, rana da iska kuma suna busar da samanta cikin kwana biyu. Maganinsa taki ne, da barin kara a kwance a gona maimakon a share ta ƙal, da itatuwa. A nan kuwa jihar Maraɗi ita ce makarantar, ba ta buƙatar aro. A farkon shekarun 1980 Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ke aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, ya lura cewa tsiron da manoma ke sarewa duk shekara lokacin sassabe ƴaƴan kututture ne masu rai, saiwarsu na nan a ƙasa. In an zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi aka bari, aka rage sauran, cikin shekara uku ko huɗu an sami itace. Wannan shi ne sassaben zamani. Binciken da aka yi da hotunan tauraron ɗan Adam ya kiyasta cewa ya shafi hekta kusan miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200, kuma a 2018 Rinaudo da Sawadogo suka karɓi lambar yabo ta Right Livelihood a shekara ɗaya. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne sassaben zamani shi ma tattalin ruwa ne. Sabara da kalgo suna karya iska, suna tare ƙurar da ke ɗauke da taki, ganyensu na rufe ƙasa. Gawo yana kaɗe ganye da damina, ba ya hana hatsi rana, da rani kuma dabbobi na kwana ƙarƙashinsa suna barin kashi. Kowa ya san hatsin gindin gawo ya fi jure fari. Ɗan Saga, cikin gundumar Agye, inda mutanen gari suka kafa kwamitin tsaron itatuwa har da mata da makiyaya a ciki, ba ta da nisa da Tasawa. Manomin Korgom ko na Bawdeta zai fi ƙaruwa da yini ɗaya a can fiye da mako guda a ɗakin taro.

Ba ina cewa tassa da rabin wata ba su da gurbi a gundumomin nan biyu ba. Akwai fako da geza a warwatse, musamman a makiyayu da burtali da gefen Gulbin Kaba, inda tattakin dabbobi da sare itace suka bar ƙasa tsirara, ko garmani ya mamaye ta. A irin waɗannan wurare rabin wata ya yi aiki ƙwarai. Sai dai shi ma yana da ƙa'ida, kuma a ƙa'idar ne bayani ke lalacewa in ya bi baki da baki. Ma'aunin da aka saba a Nijar shi ne faɗin mita 4, wajen 313 a hekta, a jera su saɓi-zarce yadda ruwan da ya kuɓuce wa na sama zai faɗa na ƙasa, bakin kuma ya fuskanci inda ruwa ke fitowa. In aka juya bakin, ko aka jera su ba tare da auna gangaren ƙasa ba, ruwan farko mai ƙarfi zai fasa su ya buɗe kwazazzabo inda da babu. Nan ne malamin gona da jami'in gandun daji suke da amfanin da maƙwabci ba zai iya maye gurbinsa ba.

Ƙofofin da za a ƙwanƙwasa suna nan, kuma ya kamata a san su. A Tasawa da Mayahi akwai ofisoshin gunduma na noma, da na muhalli, da na gine-ginen karkara, da na ruwa. A Maraɗi akwai majalisar manoma ta jiha, wadda ke cikin haɗakar RECA, ita kuma RECA tana wallafa takardun koyarwa a shafinta na intanet kyauta, tana da layin waya da manomi zai kira ya yi tambaya da Hausa. Cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, tana da reshe a Tarna, bakin Maraɗi, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo kuma tana yaye ɗaliban aikin gona da muhalli. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974 bayan babban farin Sahel, da hukumar yanayi ta ƙasa, su ne ke fitar da hasashen damina kowace shekara kafin shuka. Duk wannan dukiya ce. Amma a ƙasar da wajen kashi ɗaya cikin uku na manya ne kawai ke karatun boko, takardar Faransanci mai shafi ashirin ba ta isa gona. A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. In wannan magana za ta wuce takarda, ga wurin gwada ta: a mai da takardun tattalin ruwa zuwa Hausa, da boko da ajami, kuma a ɗauke su a murya. A yi fassarar da kalmomin manoma, jigawa da geza da fako da fadama, domin manomi ya riga ya raba ƙasarsa kashi-kashi tun kafin masana su zo da nasu sunaye.

Wani zai ce duk wannan tsohon yayi ne, yau waya ta wadatar, bidiyo ɗaya a WhatsApp zai kai ga mutum dubu kafin a tara kuɗin motar manoma goma. Waya tana da amfani, saƙon murya musamman, kuma babu mai hankalin da zai ƙi ta. Amma bidiyo ba ya gaya maka irin ƙasar da aka ɗauke shi a kanta. Za ka ga ramuka cike da ruwa da dawa kore shar, ba ka san a Yatenga ne ko a Habasha ko a Indiya ba, ba ka san ruwan da suke samu a shekara ba, ba za a nuna maka gonar da aka gwada ta ƙi ba. Wanda ya tsaya a gonar wani kuwa zai dunƙula ƙasar a hannunsa, ya tambayi mai gonar kwana nawa ya yi yana haƙa, amalanke nawa na taki ya zuba, dami nawa ya samu a shekarar fari. Ga kuma zancen wa ke riƙe da wayar. A ƙauyuka da yawa babbar waya tana hannun samari, su kuma suna ci-rani a Kano ko Agadas ko Libiya, mata da dattawan da ke gida rediyo suka dogara da shi.

Hujjar da ta fi wannan nauyi ita ce ta masu cewa talaka bai rasa sani ba, ƙarfi ya rasa. Wannan gaskiya ce mai yawa, kuma duk mai sharhin da ya tsallake ta yaudarar kansa yake. Aikin tare ruwa aikin rani ne, lokacin da majiya ƙarfi suka tafi neman kuɗi, rumbu kuma ya fara sauka. Karan da ake cewa a bari a gona shi ne abincin dabba, shi ne danni, shi ne makamashi, kuma yana da kuɗi a kasuwa. Taki sai mai dabba, kai shi gona sai mai amalanke. Shi ya sa shirye-shirye irin na hukumar abinci ta duniya suke biyan mutane abinci ko kuɗi su haƙa rabin wata a filayen gari, kuma wannan biyan ba abin kunya ba ne. Amma duk wanda ya zaga ya ga filayen da aka gyara, shiri ya ƙare, dabbobi suka tattake su cikin damina biyu, don ba a zauna da makiyaya da masu gari an yanke wa zai tsare, yaushe za a buɗe, wa zai yanki ciyawa ba. Sannan ƙarancin ƙarfi shi ne babban dalilin da ya sa bayani ya zama daidai. Mai hali in ya yi kuskure zai sake gwadawa baɗi, wanda ƙarfin rani ɗaya kawai gare shi ba shi da wannan dama. Kuma akwai bayanin da talaka ya fi buƙata fiye da ma'aunin rami: wanda ke noma gonar aro ko ta jingina, ko macen da aka ba gamana, in suka farfaɗo da fako me zai hana a karɓe? Dokar karkara ta 1993 da dokokin da suka biyo bayanta sun tanadi kwamitocin filaye tun daga gunduma har ƙauye, masu iya rubuta shaidar aro da kyauta da saye. Mutane da yawa ba su san suna da wannan haƙƙi ba.

Akwai kuma masu cewa a bar wasa da ruwan sama, a haƙa rijiyoyin burtsatse a huta. Ruwan sha mai tsabta ba shi da madadi, kuma macen da ke jan wasaki a rijiya mai gaba talatin a arewacin Mayahi ba ta buƙatar a yi mata wa'azi. Sai dai burtsatse ba ya shayar da gonar hatsi, kuma ruwan da ke kusa a ƙarƙashin gulbi da fadamu daga sama yake samun ƙari, gwargwadon abin da ya nutse. Ruwan ƙasa ma sai an auna shi: mutanen Tibirin Gobir ba su manta da yaran da ƙasusuwansu suka lanƙwashe saboda sinadarin fuloraid da ya yi yawa a ruwan famfo ba. A gefe guda, rufin kwano yana ƙaruwa a garuruwanmu, indararo na zubar da ruwa a titi. Rufi mai murabba'in mita 40 a damina mai milimita 400 zai karɓi lita 16,000. A cire kashi ɗaya cikin biyar na asara, saura 12,800. Gida mai mutum takwas, kowa lita 20 a yini, ya sami ruwan kwana 80. Gaskiyar da masu tallar wannan dabara ba sa son faɗa ita ce tankin da zai ɗauki wannan ruwa ya fi ƙarfin yawancin gidaje, kuma damina ɗaya ce a shekara, ba kamar ƙasashen da ke samun biyu ba. Saboda haka a gida abin da zai yiwu shi ne tano biyu ko uku da ke rage sayen ruwan garuwa da damina. Babban tanki kuwa wurinsa makarantu da gidajen likita da masallatan Juma'a, masu faɗin rufi. Ko a nan akwai ƙa'idar da dole a sani: a bar ruwan farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye ya zube, a rufe mazubi ruf saboda sauro, a tace a sa magani kafin a sha. Nijar ta sha wahala kafin hukumar lafiya ta duniya ta tabbatar a 2013 cewa ta rabu da kurkunu, bai kamata sunan tattalin ruwa ya mai da mutane shan ruwan kududdufi ba.

Damina ta 2024 ta nuna ɗaya fuskar al'amarin. Ambaliya ta shafi mutum fiye da miliyan ɗaya a faɗin ƙasa, jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki, ƴan watanni bayan haka kuma aka koma layin bido a bakin famfo. Tabkunan da ke cika su shiga gidaje a watan Agusta su ne ke ƙafewa kafin bazara, don yashi da shara sun cinye zurfinsu. Yashe tabki da gyara hanyoyin da ruwa ke bi ya shiga cikinsa aikin ƙaramar hukuma ne, kuma ya fi araha nesa ba kusa ba a kan rabon tabarmi da shinkafa bayan gidaje sun rushe.

Abin da ya rage shi ne wa zai ɗauki nauyi, kuma a ganina ƙananan hukumomi ne, daga Urafan da Hawandawaki har Gidan Amumun da Sarkin Hausa, domin su ne kusa. Ba a ce su gina cibiya ba. Kowace ta san manoma biyar ko goma a yankinta da suka riga suka yi nasara, wani a jigawa, wani a fako, wata a lambu. A rubuta sunayensu da garuruwansu, a sanar a rediyon gari, a ware kuɗin da zai kai wasu manoma gonakinsu a watan Satumba lokacin da hatsi ke tsaye. A sa ma'aunin ruwan sama a kowane babban ƙauye, a damƙa shi ga malamin makaranta ko wani mai rubutu, a riƙa faɗin adadin a rediyo, don manomi ya san ko ruwan da aka yi ya isa shuka ko jira ya fi. Mu ma ma'aikatan rediyo akwai gyara a wajenmu. Mun saba sai hadari ya haɗu muke kiran malamin gona, alhali ramin tassa da rabin wata tun Janairu zuwa Afrilu ake haƙa su, zancen barin kara a gona kuwa tun ranar girbi ake yanke shi, kafin a ɗaure a kai kasuwa. Shirin da ya dace da watan Oktoba daban, na Fabrairu daban, kuma a kowanne a sa manomin da ya yi aikin a gaban makirfo, malamin gona na gefensa, a bar layi a buɗe masu saurare su yi musu tambaya.